Inuwar Giginya: Zaman Ikko a Zamanin da Take Babban Birnin Nijeriya

Masu iya magana kan yi wa giginya kirari da cewa, inuwar giginya na nesa ka sha ki. Dalilin wannan kirari a fili yake, domin itaciya ce mai tsawon gaske wadda ganyenta ke can ƙololuwa, saboda haka wanda ya raɓu da gindinta sai rana ta dake shi, inuwar kuwa ta je ta faɗa wa wani can gefe. Duk sa'ad da muka zauna nazarin tarihin birnin Ikko, wanda a yau aka fi sani da Legas, musamman shekaru 77 da ya yi yana babban birnin Nijeriya, wato daga 1914 zuwa 1991, wannan karin magana ne ke fara faɗo mana a rai. Babu mai musun cewa zama a babban birni yana da daɗi, yana kuma da wuya. Wannan ko yaro ya sani. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wane ne ya sha daɗin, wane ne kuma ya sha wuyar? Domin kuwa tarihin Ikko ya nuna cewa sau da yawa ba mutum ɗaya ne ke shan duka biyun ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san irin wurin da ake magana a kai. Asalin Ikko ɗan tsibiri ne mai fadamu da sauro, wanda masunta da manoman Awori, wani reshe na Yarbawa, suka fara zama a kansa, daga baya kuma sarautarsa ta ƙulla dangantaka da masarautar Benin. Abin da ya ɗaga sunan wurin shi ne mashigar ruwan da ta haɗa shi da teku, wadda ta mai da shi babbar kasuwar bayi a farkon ƙarni na 19. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka mayar da Akitoye kan gadon sarauta. Bayan shekara goma, a watan Agusta na 1861, suka sa ɗan Akitoye, wato Sarki Dosunmu, ya rattaba hannu a kan takardar miƙa musu garin ɗungurungum. Ƙidayar da suka yi a 1866 ta sami mutum 25,000 da 'yan kai. Ke nan a lokacin ko birnin Kano ba ta kamo ba, domin matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ƙiyasta mazauna Kano da 30,000 tun a 1851.

Tun daga farkon wannan lamari da mu aka soma. A 1863 Kyaftin John Glover, wanda ke riƙe da garin a madadin Ingila, ya tara wasu 'yan tsirarun mutanen Arewa, akasarinsu bayin da suka tsere wa iyayen gijinsu, ya ba su kaki da bindiga. Su ne aka riƙa kira Hausawan Glover, ko da yake ba dukkansu ne Hausawa a jini ba, harshe ne ya haɗa su. Daga wannan ɗan gungu ne rundunar sojan Nijeriya da ta 'yan sanda suke jawo salsalarsu. Ga waɗannan bayin Allah, Ikko ta zama wurin samun 'yanci da albashi, abin da ko a mafarki ba su zata ba. To amma ko a nan an fara ganin alamar abin da zai biyo baya. Masu ba da tarihin baka a Ikko sun ce da farko a tsakiyar tsibiri aka zaunar da sojojin Hausawa, da aka bukaci filin sai aka tashe su zuwa bayan gari, wurin da ake kira Obalende, kuma ma'anar sunan a Yarbanci ita ce, sarki ne ya koro ni nan.

Fifikon Ikko a kan sauran garuruwa ya zo ne a mataki biyu. A 1906 aka haɗa ta da yankin Kudancin Nijeriya, aka ɗauke hedkwata daga Kalaba aka kawo nan. A ranar 1 ga Janairu, 1914 kuma Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, Ikko ta zama mazaunin Gwamna-Janar. Abin mamaki, shi kansa Lugga bai ƙaunaci garin ba. Ba ya son zafinsa da damshinsa, ba ya kuma son 'yan bokonsa masu yawan ƙorafi da rubuce-rubuce a jarida. Burinsa shi ne a kai babban birni Kaduna, garin da ya zaɓa wa Arewa bayan an zauna a Lakwaja da Zungeru. Wanda ya gaje shi a 1919, Hugh Clifford, shi ne ya yi watsi da wannan shawara, domin a ganinsa bai dace gwamnati ta nisanci tashar jiragen ruwa da cibiyar ciniki da jama'ar da ke iya faɗa mata ta yi kuskure ba. Ashe maganar ɗauke babban birni daga Ikko ta girmi 'yancin Nijeriya da fiye da shekara 40.

To, mene ne mazaunin Ikko ya samu? Gaskiya ya sami abubuwa da dama, kuma ya riga kowa samu. Wutar lantarki ta kama a titunan garin tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare, lokacin da Turawa ba su ma ci Kano da Sakkwato ba. A 1901 aka buɗe gadar Carter wadda ta haɗa tsibirin da Iddo, a wannan shekara kuma jirgin ƙasa ya fara kai mutane Badun. Ruwan famfo ya iso daga Iju a 1915. Ta fuskar boko kuwa, makarantar sakandare ta farko a ƙasar nan, ta 'yan mishan ɗin CMS, a Ikko aka kafa ta a 1859, sai King's College a 1909, sannan babbar kwalejin Yaba a farkon shekarun 1930. Idan muka tuna cewa Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai a farkon shekarun 1920 aka buɗe ta, za mu gane irin ratar da ɗan Ikko ya ba ɗan Arewa a wannan fage.

Akwai kuma wata moriya da ba a gani da ido, wadda a ra'ayinmu ta fi duk waɗannan, wato bakin magana. Wanda ke maƙwabtaka da gwamnati yana iya ɗaga murya ta ji shi. Jaridu sun fara fitowa a Ikko a kai a kai tun daga 1880, kuma a nan ne Daily Times ta fito a 1926, West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe ta biyo baya a 1937. Da tsarin mulkin 1922 ya ba da damar zaɓen wakilai huɗu zuwa Majalisar Dokoki, uku daga ciki na Ikko ne, ɗaya na Kalaba. Sauran ƙasa ko ƙuri'a ɗaya ba ta samu ba; Arewa ma ba ta cikin hurumin majalisar, Gwamna ne ke yi mata doka shi kaɗai. Sai dai ita ma wannan dama ba ta kowa ba ce, domin sai namiji mai samun fam 100 a shekara ke jefa ƙuri'a, kuma mai kamun kifi da ɗan dako ba sa ko jin ƙanshin wannan kuɗi. Duk da haka, da waɗannan kujeru uku ne Herbert Macaulay da jam'iyyarsa ta NNDP, wadda ya kafa a 1923, suka hana Turawa sakat shekara da shekaru.

Na nesa ma ya sha inuwa, watakila fiye da na kusa. Zuwa 1912 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano, sai tafiyar da fatake ke shafe watanni suna yi da jakuna ta koma ta 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata yana daga cikin waɗanda suka fara gane wannan sabon zamani, domin tun a farkon ƙarni na 20 ya riƙa ɗauko goro daga ƙasar Gwanja ta jirgin ruwa zuwa Ikko, maimakon bin tsohuwar hanyar ayari. Da noman goro ya karɓu a gonakin Agege da Shagamu, sai Hausawa suka kafa zango a waɗannan wurare, da sarakunansu da limamansu da masu masauki. Shanu su gangaro Kudu, goro ya haura Arewa, gyaɗa da auduga da fatu su bi ta Apapa zuwa Turai. Bahaushen Agege na wancan zamani bai damu ba ko Gwamna na Ikko ko yana Kaduna. Reluwe da kasuwa ne suka kawo shi. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Yanzu bari mu juya mu dubi wanda ke gindin itaciyar. Ruwan famfon da muka ambata ɗazu bai zo a banza ba. Tun a 1908, da gwamnati ta bayyana cewa mazauna gari ne za su biya kuɗin aikin ta hanyar wani sabon haraji, dubban mutane suka rufe kasuwanni suka nufi gidan Gwamna. Hujjarsu ita ce, su dai rijiyoyinsu sun ishe su, Turawa ne ke son famfo, to su biya. Rikicin ya sake tashi a 1916. Sarkin Ikko na lokacin, Eleko Eshugbayi, ya karkata ga jama'arsa, kuma wannan takun-saƙa da wasu da suka biyo baya su ne suka kai ga tuɓe shi da kora shi zuwa Oyo a 1925. Sai a 1931 ya dawo. Haka nan maganar fili. Da gwamnati ta karɓe ƙasar Apapa domin ayyukanta, sai da mai sarautar Oluwa, Amodu Tijani, ya kai ƙara har Landan, inda a 1921 babbar kotun daular Ingila ta ba shi gaskiya, aka biya diyyar fam 22,500. An yi ta murna a Ikko, an yi waƙoƙi. Amma fa ba kowane mai gona ne ke da kuɗin jirgi zuwa Landan ba.

Dokar garuruwa ta 1917 ta ware Ikko ita kaɗai a matsayin gari mai daraja ta ɗaya, a zamanin ne kuma tsarin raba unguwar Turawa da ta baƙar fata da fili mai faɗin yadi 440 ya kankama a ƙasar nan, wai don gudun sauro. Aka mai da Ikoyi unguwar Turawa, gidaje manya-manya, kowane da lambunsa, ga filayen wasa. Tsohon tsibiri kuwa jama'a sai ƙaruwa suke yi, fili ba ya ƙaruwa. Mutanen garin da suke kimanin 74,000 a 1911 sun kai wajen 126,000 a 1931. Inda aka cunkushe haka, ga tashar jiragen ruwa a bakin ƙofa, ai cuta ba ta neman iso. Annobar murar nan da kakanninmu suka kira marisuwa ta Ikko ta shigo a watan Satumba na 1918, sannan ta bi hanyar jirgin ƙasa ta yi Arewa. A 1924 kuma annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke, ta daɗe har zuwa 1931, ta hallaka mutum fiye da 1,800, mafi yawansu a lungunan talakawa irin su Oko-Awo. Maganin da hukuma ta kawo shi ne kafa hukumar tsara birni a 1928, aka ba ta ikon rushe gidaje. Daga wannan lokaci rusau ya zama maganin da mahukuntan Ikko suka fi ganewa, na mulkin mallaka da na bayansu.

Wata wahalar kuma ita ce ta cefane. Mutumin karkara ko ba shi da ko anini yana da rumbu, mazaunin babban birni kuwa ko ganyen miya sai ya saya. Wannan ya fito fili a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kaya suka yi tashin gwauron zabo, gwamnati ta ƙayyade farashi ta kuma buɗe nata wuraren sayar da abinci, mutane suna kwana a layi domin garin rogo. Wata mai sayar da kifi da ba ta yi boko ba, Alimotu Pelewura, ita ta jagoranci matan kasuwa wajen bijire wa tsarin. A 1945 ma'aikata suka bi sahu da yajin aikin gama-gari na fiye da kwana 40, wanda ma'aikatan reluwe na Ikko irin su Michael Imoudu suka yi wa ja-gaba, kuma tsadar rayuwa ce tushensa.

Sa'an nan ga tambayar da ba ta taɓa barin Ikko ba: garin wane ne? Babban birni na kowa ne a takarda, amma yana da masu shi a ƙasa. A ranar 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a Majalisar Wakilai na neman mulkin kai a 1956, Sardaunan Sakkwato ya nemi a ce sai lokacin da ya dace. Da wakilan Arewa suka fito daga majalisa, taron jama'a suka yi musu ihu da ature da baƙaƙen maganganu. Suka koma gida da ɓacin rai, wasu har suna cewa ba za su sake taka Ikko ba. Ba a yi wata biyu ba rikici ya ɓarke a Kano, a watan Mayu, inda mutum 36 suka rasu a ƙidayar hukuma. A taron Landan na wannan shekara Arewa da Gabas suka tsaya a kan lallai a cire Ikko daga Jihar Yamma ta zama ta tarayya, jam'iyyar Awolowo ta ƙi, Sakataren Mulkin Mallaka ya yanke hukunci a cire ta, aka aiwatar a 1954. Ga ɗan Arewa, wannan tabbaci ne cewa ba za a toshe masa hanyar teku ba. Ga Bayarabe kuwa, an yanke masa kai ne daga gangar jiki. Kowa da gaskiyarsa.

A cikin duk abubuwan da suka faru kafin samun 'yanci, babu wanda ya fi nuna halin babban birni kamar rusau na 1955. Ana shirin karɓar mulki, manyan baƙi za su zo daga ko'ina a duniya, sai shugabanni, Turawa da 'yan ƙasa, suka ji kunyar a ga tsakiyar Ikko yadda take. Aka ware kimanin eka 70 na tsofaffin unguwanni aka ce a rushe, aka kwashe dubban mutane zuwa sababbin gidaje a Surulere, can tsallaken ruwa. A ido, an yi musu gata, domin gidajen na bulo ne, ga famfo ga lantarki ga sarari. Amma wani masanin zamantakewa ɗan Ingila, Peter Marris, wanda ya bi sawun mutanen ya kuma wallafa bincikensa a 1961, ya tarar da wani abu dabam. Matar da ke sayar da kaya a ƙofar gidanta ta rasa masu saye, domin a Surulere babu masu wucewa. Tela da maƙeri sun rabu da abokan cinikinsu na shekaru. Kuɗin mota zuwa wurin aiki ya cinye abin da ake ba iyaye. Babban gida da ke ɗauke da kaka da 'ya'ya da jikoki ya tarwatse, domin sabon gidan an gina shi ne don miji da mata da 'ya'yansu kawai, irin na Turawa. Filayen da aka gyara kuwa, akasarin masu su na asali ba su iya sayen su ba saboda tsada. Duk wanda ya tashi a gidan gandu a ƙasar Hausa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan girman wannan hasara. An gyara fuskar birni domin baƙo, mai gida ya biya.

Bayan 1960 abubuwa suka ƙara gudu. Jami'ar Legas da asibitin koyarwarta na Idi-Araba suka samu a 1962, ofisoshin jakadanci suka cika gari, masana'antu suka tashi a Ikeja da Apapa. Ƙidayar 1963 ta ba birnin mutum 665,000 da ɗoriya, ban da unguwannin kewaye. Daga 1967 kuma Ikko ta ɗauki kaya biyu, ta zama hedkwatar tarayya da ta sabuwar Jihar Legas. Da kuɗin man fetur suka zo bayan yaƙin basasa, sai aka shiga gine-gine ba ji ba gani: babban filin wasa na Surulere, gadojin sama, gidan wasan kwaikwayo na Iganmu da unguwar Festac domin bikin al'adun baƙar fata na 1977. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a farkon 1975 ya sa ƙaramin ma'aikaci ya sayi babur da rediyo, kafin farashi ya biyo shi ya ƙwace. A wannan shekara ce aka yi abin kunyar siminti, inda hukumomin gwamnati suka yi odar kimanin tan miliyan 20, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi jerin gwano a bakin teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu, abinci da magani kuma sun rasa hanyar sauka. A kan titi ma haka abin yake. Cunkoson motoci, wanda aka laƙaba wa suna gosulo, ya kai ga a 1977 aka yi dokar cewa mota mai lambar mara da mai lambar cika ba za su shiga tsakiyar gari rana ɗaya ba. Masu hali suka sayi mota ta biyu, talaka ya ci gaba da rataya a ƙofar molue.

Wannan hali ne ya sa Janar Murtala Muhammed, 'yan kwanaki bayan hawansa mulki, ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda a watan Agusta na 1975, domin duba makomar babban birni. Kwamitin ya ce Ikko ba ta da filin faɗaɗawa, ba za ta iya ɗaukar gwamnati biyu ba, tana bakin teku inda abokin gaba zai iya kai mata hari cikin sauƙi, kuma ana ganin ta ta ƙabila ɗaya ce. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya sanar da cewa za a gina sabon birni a tsakiyar ƙasa, a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000. Bayan kwana goma, ranar Juma'a 13 ga wata, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan, motarsa ta tsaya a cikin cunkoso kusa da Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi, sojojin Laftanar-Kanar Dimka suka buɗe mata wuta. Gosulon da ya so ya raba gwamnati da shi, a cikinsa ajali ya same shi. Motar tana nan a gidan tarihi na Onikan da hujojin harsashi a jikinta.

Wannan ya kawo mu ga wata illa da babban birni kaɗai ke da ita, wato duk mai neman mulki da bindiga nan yake nufa. A daren 15 ga Janairu, 1966, a Ikko aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa, a nan kuma aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari da wasu manyan hafsoshi. A ranar 22 ga Afrilu, 1990, mazauna Obalende, waɗanda katanga ce kawai ta raba su da Barikin Dodan, suka kwana cikin rugugin manyan bindigogi. Da gari ya waye suka ji Manjo Gideon Orkar a rediyo yana cewa an cire jihohin Sakkwato da Borno da Katsina da Kano da Bauchi daga Nijeriya, 'yan asalinsu kuma su tattara su koma gida. Yunƙurin bai kai yamma ba aka murƙushe shi, amma duk Bahaushen da ke Ikko a ranar, ko da kakansa a Agege aka haife shi, ya ɗanɗana abin da ake nufi da zama baƙo a babban birnin ƙasarsa.

Shekarar 1990 ɗin nan ta haɗa fuskokin Ikko biyu wuri ɗaya. A cikinta aka buɗe gada ta uku, mai tsawon kilomita 11.8, wadda a lokacin ita ce gada mafi tsawo a Afirka. A cikinta kuma, a watan Yuli, gwamnan soja na jihar, Kanar Raji Rasaki, ya ba mutanen Maroko wa'adin kwana bakwai, sannan ya aika da motocin rusau ana tsakiyar damina. An ƙiyasta waɗanda suka rasa muhalli da mutum 300,000, wasunsu ma can da ma tayar da su aka yi daga wasu unguwanni aka kai su Maroko. An ce wurin yana ƙasa da teku ne, bai dace da zaman ɗan Adam ba. Da aka cike shi da yashi sai ya dace, ya zama ɗaya daga cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan.

A ranar 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya tashi daga Ikko ya tare a Abuja. Mutane da yawa sun zaci garin zai yi sanyi, haya ta sauka, hanya ta buɗe. Ba haka aka yi ba. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Legas mutum miliyan 5.7, ta 2006 ta ba ta miliyan 9, gwamnatin jihar ma ta ce an rage mata, wai ta fi miliyan 17. A nan ne batun Bahaushen Agege ya dawo. Abin da ya kawo shi, wato teku da kasuwa, bai tashi ba, don haka shi ma bai tashi ba, ƙannensa ma sai ƙara zuwa suke yi: masu tumatir da albasa a Mile 12, masu raguna a Alaba Rago, 'yan canji, masu gadi, 'yan ga-ruwa. Abin da ya tashi shi ne kujerar mulki da kason da ke biye da ita. Sakatariyar Ikoyi ta shafe shekaru a yashe. Jirgin cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya fara shiryawa, wanda gwamnatin soja ta soke a 1985, sai a 2023 wani makamancinsa ya fara ɗaukar fasinja. Alkawarin da Murtala ya yi a jawabinsa na cewa za a ba Ikko matsayi na musamman har yau 'yan jihar suna bin bashinsa.

Abuja kuwa an zana ta ne a takarda domin kada ta gaji ko ɗaya daga cikin cututtukan Ikko. An karɓi sunan daga tsohuwar masarautar Abuja, wadda ta koma Suleja, aka shata tituna masu faɗi da unguwanni masu tsari. An riƙa maganar wurin tamkar daji ne da ba kowa, alhali Gwarawa da wasu ƙabilu suna zaune a cikinsa tun kaka da kakanni, kuma da yawansu tayar da su aka yi, wasu fiye da sau ɗaya. Tsakanin 2003 da 2007 motocin rusau suka bi unguwannin da aka ce sun saɓa wa taswira, dubban ɗaruruwan mutane suka koma bayan gari. Masinja da direba da malamin firamare da ke aiki a Garki ko Maitama, a Kubwa ko Nyanya ko Mararaba ta Jihar Nasarawa suke kwana. Tun kafin kiran assalatu suke fitowa bakin titi neman mota, kuma wanda ya makara ya kai ƙarfe bakwai, sai ya tarar da layin motoci daga gadar Nyanya har iyakar ganinsa.